CIBIYAR KOYON SANA'A MAI ƊOREWA: DARASI DAGA GIDAN GORUNA NA YELWA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

 A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani al'amari wanda da wuya a yi taron iyaye da malamai ba a tayar da shi ba, watau maganar sana'a. Sai ka ga uba ya miƙe yana kukan cewa ɗansa ya yi sauka, ga shi kuma ya gama sakandare, amma har yanzu ko kuɗin aski sai an ba shi. Wani ya kawo shawarar a buɗe wa yara wurin koyon sana'a, kowa ya ce shawara ta yi, a yi addu'a a tashi. Shekara ta zagayo, a sake maimaita maganar.

To, buɗe cibiyar koyon sana'a ba shi ne mai wuya ba. Duk wanda ya daɗe a garin nan na Kaduna, daga Kawo zuwa Tudun Wada, daga Unguwar Rimi zuwa Rigasa, ya taɓa ganin cibiyar da aka buɗe da jawabai da ɗaukar hotuna, ga kekunan ɗinki sababbi ful an jera. Bayan shekara biyu in ka koma sai ka tarar da ƙofa a garƙame, kekuna sun yi tsatsa, janareta ya tsaya babu mai gyara, malamin ɗinki kuwa ya kama gabansa domin ba a biya shi ba. Abin da ke da wuya shi ne cibiyar ta ci gaba da aiki bayan waɗanda suka buɗe ta sun tafi. Wannan shi ne abin da za mu duba, kuma za mu kawo misalai na gaskiya, biyu daga nan gida, ɗaya daga ƙasar Burkina Faso.

ME AKE NUFI DA ƊOREWA?

In an ce cibiya mai ɗorewa, abu uku ake nufi. Na farko, ginin kansa ya zama an yi shi da kayan da ake samu a wurin, ta yadda in ya tsage ko ya yi yoyo mutanen unguwa za su iya gyara shi ba sai an jira wani ya zo daga Abuja ko daga Turai ba. Na biyu, ilimin ya zauna a wurin, watau wanda ya koya bana ya zama shi ne mai koyarwa baɗi. Na uku, cibiyar ta sami hanyar kuɗi tata ta kanta, komai ƙanƙantarta, wadda za ta riƙa biyan malami da sayen zare da mai da ƙusa.

Waɗannan abubuwa uku ƙungiya ita kaɗai ba ta iya samar da su, ko da kuwa tana da kuɗi. Ɗalibai su kaɗai ma ba za su iya ba, ko da suna da ƙarfi da niyya. Ƙungiya mai zaman kanta tana da sanin aiki, tana da rajista da asusun banki, ta kuma san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Ɗalibai kuwa suna da yawa, suna da hannu, sa'an nan su ne za su zauna a wurin bayan kowa ya watse. Sai an haɗa biyun, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

GIDAN GORUNA NA YELWA

A shekarar 2011 aka fara wani gini a ƙauyen Yelwa, wanda wasu ke kira Sabon Yelwa, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, wanda ya sa mutane suka riƙa tsayawa suna kallo. Gida ne mai ɗaki biyu na kwana, mai faɗin murabba'in mita 58, kuma a kewaye yake kamar ɗakin kara na gargajiya. Abin mamakin shi ne ba da bulo aka gina bangonsa ba, da gorunan roba ne, irin waɗanda muke shan ruwa da lemo mu jefar a kwata. Kimanin goruna 14,000 suka shiga ginin.

Ƙungiyar da ta yi wannan aiki sunanta DARE, ƙungiya ce mai zaman kanta ta nan Kaduna wadda ta sa gaba a kan makamashin da ba ya ƙarewa, irin su hasken rana. Sunan nata a rubuce kamar "dare" na Hausa yake, amma gajarta sunan Turanci ne aka yi. Jagoranta shi ne Injiniya Yahaya Ahmed. Ta yi aikin ne da taimakon wata ƙungiya ta birnin Landan mai suna Africa Community Trust. Filin, wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Girka ne ya bayar kyauta. Gorunan kuwa an tattaro su daga otal-otal da gidajen abinci da ofisoshin jakadanci. Dabarar ginin wani Bajamushe ne mai suna Andreas Froese ya kawo ta, mutumin da ya kafa kamfanin ECO-TEC a ƙasar Honduras a 2001, ya kuma koyar da irin wannan gini a ƙasashe da dama. An tsara gidan ya sami wuta daga hasken rana, girki kuwa a yi da iskar gas wadda ake samu daga kashin dabbobi da bahaya.

Yanzu ga inda darasinmu yake. Ba a ɗauko ɗan kwangila aka ce ya gina ya kawo makulli ba. Matasa marasa aikin yi aka tara, aka koya musu yadda ake cika gora da yadda ake jera ta, har wurin ginin ya zama wurin horar da magina. Watau ginin da kansa shi ne ajin farko. Bajamushen ya koyar ya tafi, amma ilimin bai bi shi jirgi ba, ya zauna a hannun yaran da suka taɓa ƙasar.

YAYA AKE GININ?

Na san ɗalibai za su so su ji yadda abin yake, to ga shi dalla-dalla.

Da farko akan haƙa harsashi a zuba kankare, kamar dai yadda ake yi wa kowane gini. Wannan ba a wasa da shi, domin shi ke ɗaukar nauyin bango, shi kuma ke hana danshi hawa.

Sa'an nan a wanke goruna a shanya su bushe, a ware su girma-girma, domin layi ɗaya sai gora iri ɗaya. A sami yashi ko ƙasa busasshiya a tankaɗe da rariya, a riƙa zubawa da mazurari ana dannawa da sanda har gorar ta yi tauri, ta yadda in ka matsa ta da hannu ba za ta lotsa ba. Sai a rufe da murfinta. Gorar da ba ta cika sosai ba ita ce mai kawo rauni a bango, saboda haka akan sa mai dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan magini ya shimfiɗa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, wasu kan sa mata siminti kaɗan, ya jera goruna a kwance, gindi waje ɗaya baki waje ɗaya, ya cike tsakaninsu da kwaɓi, ya sake shimfiɗa ya hau layi na gaba. Kowace gora akan ɗaure wuyanta da igiya a sarƙe ta da na maƙwabtanta, sai igiyoyin su zama kamar raga mai riƙe bangon baki ɗaya. A ƙarshe a yi yaɓe, domin roba ba ta son rana, in ta daɗe tana dukanta takan yi rauni ta farfashe.

Me ya sa irin wannan ɗaki ba ya zafi da wuri? Saboda kaurin bangon ya kai tsawon gorar, kuma cike yake da yashi. Zafin rana yakan ɗauki awoyi kafin ya ratsa, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa a watan Afrilu, ya kuma kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai kuma amfani na biyu. Wannan roba, wadda masana ke kira PET, takan yi ɗaruruwan shekaru ba ta ruɓe ba. In ta shiga kwata sai ta toshe hanyar ruwa, damina na zuwa ruwa ya shiga gidaje, sauro ya sami wurin ƙyanƙyasa. In an ƙona ta kuwa hayaƙinta guba ne ga ƙirji. Rashin ruɓewar da ya zama mana masifa a kwata, shi ne abin da ake so a cikin bango.

ASHE TUBALI NE A SABUWAR RIGA

Kada wani ya ɗauka wannan abu baƙo ne ƙwarai a ƙasar Hausa. Ku tambayi kakanninku yadda ake ginin tubali. Akan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula ta da hannu gindi da faɗi kai da tsini, a shanya, sa'an nan a jera a cikin kwaɓi layi bisa layi, a yi yaɓe, a shafe da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa domin ta tare ruwa, a yi rufi da azara ta giginya. Da irin wannan sani ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ginin da masana gine-gine na duniya suke rubutu a kansa har yau.

Ka ga ke nan gorar da aka cika da yashi matsayin tubali ta ɗauka, sauran aikin kuwa maginin gargajiya ya san shi tun tuni. Don haka makarantar da za ta gina cibiya kada ta raina tsohon maginin unguwa. A zaunar da shi tare da injiniya, kowa ya kawo abin da ya sani, ai da tsohuwar zuma ake magani.

ƊALIBIN DA YA GINA WA ƘAUYENSU MAKARANTA

Wataƙila wani ɗalibi ya ce, to ni da ban da ko sisi, ina ni ina gina cibiya? Bari mu tsallaka Burkina Faso mu ga abin da wani ɗalibi ya yi.

An haifi Diébédo Francis Kéré a 1965 a ƙauyen Gando, inda a lokacin babu makaranta. Yana ɗan shekara bakwai aka tura shi birni karatu, ya zauna a ajin bulo mai zafi da duhu da cunkoso. Ya koyi kafinta, ya sami tallafin zuwa Jamus a 1985, daga baya ya shiga Jami'ar Fasaha ta Berlin yana karatun zanen gine-gine. Tun yana ɗalibi, a 1998, ya kafa ƙungiya tare da abokansa domin a gina wa Gando makaranta. Ya roƙi 'yan ajinsu su rage kuɗin da suke kashewa a shan gahawa da taba su zuba a asusun. Cikin shekara biyu suka tara kimanin dalar Amurka 50,000.

Da ya koma gida ya ce da ƙasa za a yi ginin, mutanen ƙauye ba su ji daɗi ba, domin a ganinsu wanda ya je Turai siminti ya kamata ya kawo. Sai da ya nuna musu a aikace cewa in an gauraya ƙasa da siminti kaɗan aka matse ta a inji, takan ba da bulo mai ƙarfi. Yara suka tara duwatsun harsashi, mata suka kawo ruwa, maza suka buga bulo. Aka ɗaga rufin kwano sama, aka bar rata tsakaninsa da silin, domin iska mai zafi ta fice mai sanyi ta shigo ta taga. An gama makarantar a 2001. A 2004 ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, a 2022 kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni.

Amma abin da ya fi kyautar muhimmanci a wurinmu shi ne abin da ya biyo baya. Mutanen da suka koyi aiki a ginin farko su ne suka gina ƙarin azuzuwa da gidajen malamai a Gando, wasunsu kuma suka riƙa samun abinci da wannan sana'a a wasu garuruwa. Daidai da abin da muka gani a Yelwa: aikin ginin shi ne ya zama makarantar magina.

PANTEKA DA MAGANAR TAKARDAR SHAIDA

Mu dawo gida. Gini kaɗai ba ya zama cibiya sai da masu koyarwa, kuma Kaduna ba ta rasa su ba. Duk wanda ya shiga tsohuwar kasuwar Panteka a Tudun Wada ya ga masu walda, da kafintoci, da masu narka alminiyam suna zuba tukwane, da masu ƙera injin niƙa da murhu da akwati, yawanci daga ƙarafan da wasu suka zubar. Dubban yara sun koyi sana'a a nan, a hannun iyayen gidansu, ba allo ba alli.

Kusa da kasuwar kuwa ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, ta zama babbar kwaleji a 1968. Shekara da shekaru maƙwabtan nan biyu suna zaune kowa da harkarsa: a nan ga takarda, a can ga hannu. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ya shugabanci kwalejin, daga 2017 zuwa 2021, aka ƙulla haɗin gwiwa da ƙungiyar masu sana'a ta Panteka domin a ƙara musu horo, a kuma gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida ta ƙasa. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977, ita ma hedikwatarta a nan Kaduna take.

Darasi biyu za mu ɗauka a nan. Na ɗaya, cibiyar makaranta ba sai ta ɗauko malamai daga nesa ba. A cikin iyayen ɗalibai akwai tela, akwai mai walda, akwai mai gyaran waya, akwai mai saƙa da mai haɗa turare. Na biyu, tun daga ranar farko a tsara koyarwar ta yadda ɗalibi zai iya zama jarrabawar da hukuma ta sani, kamar ta NABTEB ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago. Sana'a ba takarda tana ciyar da mutum, amma in da takarda ƙofofin da za ta buɗe masa sun fi yawa.

RABON AIKI: WA ZAI YI ME?

Yawancin haɗin gwiwa yakan watse ne domin ba a fayyace aikin kowa ba tun farko. Ga yadda ya kamata a raba, kuma a rubuta a takarda kowa ya sa hannu.

1. Ƙungiya. Ita za ta kawo ƙwararren da zai zana gini ya kuma horar da rukunin farko, ta nemo kayan aiki, ta koya wa kwamiti yadda ake riƙe littafin kuɗi. Kafin a amince da kowace ƙungiya a nemi ganin rajistarta ta hukumar CAC, a kuma je a ga aikin da ta taɓa yi da ido. Sa'an nan a tambaye ta tun farko, yaushe za ku miƙa mana ragama? Ƙungiyar kirki takan zo da ranar tafiyarta.

2. Makaranta da iyaye. Su ne masu fili da takardunsa. A tabbatar takardar fili tana da sunan makaranta ko amintattunta, ba sunan mutum ɗaya ba, domin kada ranar da ya rasu magada su ce gado ne. A nemi izinin gini daga hukumar KASUPDA kafin a sa diga a ƙasa.

3. Ƙananan ɗalibai. Nasu shi ne tara goruna, da wankewa, da ƙirgawa. Ga lissafi mai sauƙi: a ce makaranta tana da ɗalibai 500, kowa ya kawo gora biyu a mako, goruna 1,000 ke nan. Cikin mako 14, watau zangon karatu guda da 'yan kwanaki, an tara 14,000, adadin da ya gina gidan Yelwa.

4. Manyan ɗalibai da tsofaffin ɗalibai. Su ne masu cika goruna, da kwaɓi, da jeri a ƙarƙashin magini. Daga cikinsu za a zaɓi waɗanda suka fi hannu su zama mataimakan malamai. A ba su kujeru a kwamiti, maza da mata, kuma a riƙa jin maganarsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5. Ɗaliban manyan makarantu. Yayyenku da ke karatun injiniya ko zanen gine-gine ko akanta a kwalejin fasaha da jami'o'i suna bukatar aikin da za su rubuta a shekararsu ta ƙarshe. Awon fili, da zanen taswira, da lissafin farantan sola nawa za su ɗauki kekuna da fitilu, duk ayyuka ne da za su iya yi a ƙarƙashin malamansu. Su sun sami maki, makaranta ta sami aiki.

DAGA INA KUƊIN TAFIYARWA ZAI FITO?

Nan ne cibiyoyi da yawa suke mutuwa. Mai taimako ya fi son ya sayi abin da za a gani a ɗauki hoto, ba ya son biyan albashi wata bayan wata. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ƙungiyar DARE ta nuna wata hanya. Tare da ƙungiyoyin Jamus biyu, atmosfair da Lernen-Helfen-Leben, ta riƙa harhaɗa wani murhun ƙarfe mai suna Save80 a nan Kaduna tana sayarwa. An sa masa wannan suna ne domin an ƙera shi ya rage kusan kashi 80 cikin 100 na itacen da murhun duwatsu uku yake ci. A 2009 aka yi wa shirin rajista a ƙarƙashin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage hayaƙi, abin da ya taimaka aka sauke farashinsa. Matasan da suka koyi harhaɗa murhun sun sami sana'a, iyaye mata sun sami sauƙin kuɗin itace da hayaƙi a ido. Watau abin da ake koyarwa shi ne kuma abin da ake sayarwa.

Cibiyar makaranta ma tana da kasuwa a ƙofarta. Kowace shekara ɗalibai suna ɗinka yunifom da hijabi, makaranta tana sayen benci da allo, ana gyaran taga da ƙofa. In ajin ɗinki ya karɓi ɗinkin yunifom, ajin kafinta ya karɓi benci, kuɗin da ke fita waje ya dawo ciki. Sai a raba abin da aka samu kashi uku: na sayen kayan aiki, na alawus ɗin malamai da mataimakansu, da na ajiya domin gyara. Wannan kashi na uku kada a taɓa shi don walima ko bikin yaye.

Akwai kuma tsohuwar hanya da ta riƙe makarantu ɗaruruwan shekaru, irin su Azhar ta birnin Alƙahira, watau waƙafi. In aka gina shago biyu a jikin katangar cibiya aka tsayar da hayarsu ga albashin malami, an huta da yawon roƙo duk wata. Kuma kowane zango a manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa, kowa ya gani. Kuɗin jama'a in ba a bayyana shi ba, zargi ne ke biyo baya, zargi kuwa shi ke kashe gayya.

HATTARA DAI

Kada zumuɗi ya ɗebe mu, akwai abubuwan lura. Gora yanzu ba a banza take ba, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna saye, 'yan jari-bola ma suna tarawa, saboda haka tara dubbai yana bukatar haƙuri. Yashi ma da kuɗinsa, ga kuɗin tifa. Cika gora aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa wannan gini ya fi araha a inda ake da hannaye da yawa na sa-kai. In a wurinku ƙasa mai kyau ta fi gora sauƙin samu, to a yi bulon ƙasa irin na Gando. Ba gorar ce manufa ba, manufar ita ce a yi da abin da ke kusa.

Sa'an nan lafiyar yara tana gaba da komai. Kada yaro ya shiga bola ko kwata neman gora, kada a taɓa gorar da ta fito daga sharar asibiti ko wadda aka zuba maganin ƙwari ko fetur. A kawo ta gida da ta wurin biki da ta shago. Ƙananan yara ba sa ɗaukar kaya mai nauyi, ba sa hawa bango. Aikin a yi shi ranakun hutu, kada ya ci lokacin hadda ko na darasi. Harsashi da ginshiƙai da rufi kuwa sai injiniya ya duba ya amince, domin ɗakin da yara za su zauna ba wurin gwaji ba ne.

KAMMALAWA

Shawararmu ita ce a fara da ƙarami. Ɗaki ɗaya, sana'a ɗaya ko biyu, ɗalibai ashirin. In rukunin farko suka fita, biyu daga cikinsu suka tsaya suna koyarwa, kuma kuɗin ɗinkin yunifom ya biya zare da allura na zango mai zuwa ba a roƙi kowa ba, to an kama hanya, sai a yi maganar ɗaki na biyu.

Ku ɗalibai, ga aikin gida. A wannan mako kowa ya ƙirga gorunan da aka jefar a gidansu da ƙofar gidansu, ya rubuta adadin. Sa'an nan ya tambayi mahaifinsa da mahaifiyarsa wace sana'a suka iya wadda za su yarda su koyar na awa biyu a mako. Ku kawo amsoshin ga malaman azuzuwanku. Ku kuma iyaye, in an zo taro na gaba aka tayar da maganar sana'a, kada a tashi sai an naɗa mutum biyar, an ba su rana, an ce su je su ga Panteka, su nemi ƙungiyar da za a yi aiki da ita, su dawo da bayani.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a ta halal, Ya saka wa iyaye da malamai da alheri, amin.